Dariyar Malam Abdulmuttalib

Hoto ɗaya tak Malam Abdulmuttalib ya bari a duniya, shi ma da ya san abin da zai jawo masa da bai tsaya an ɗauka ba. Yana rataye a falon gidansa na Jakara, sama da talabijin. Hula a kafe, gira a haɗe, leɓe a datse, idanu a zare kamar wanda ya kama ɓarawon akuyarsa. A zamaninsu haka ake yi, dattijo ba ya washe baki gaban mai hoto, sai a ce ba shi da kamun kai.

Gwaggo Zubaida, matarsa, ita ta san gaskiyar wannan fuska. Dariya yake dannewa a ranar, kuma giɓinsa yake ɓoyewa, don keke ya zubar masa da haƙoran gaba tun yana saurayi. Mutum ne da in ya zauna a rumfarsa ta turare a kasuwar Kurmi, maƙwabta kan bar ciniki su zo jin barkwanci. Sai dai ya rasu kafin a haifi jikokinsa, su hoton kawai suka sani.

Wata safiya Gwaggo tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ji surukarta Nana Hadiza tana fama da Firdausi, ƙaramar jikarta, wadda ta ƙi shan koko.

"Za ki sha, ko sai na ce Baba Malam ya sauko?"

Nan take aka ji ƙarar kurɓa.

Gwaggo ta ajiye faifai. "Nana, tun yaushe Malam ya koma dodo a gidan nan?"

Nana Hadiza ta sunkuyar da kai tana dariyar kunya. "Wallahi Gwaggo ba ni na fara ba. Ko wanka yara suka ƙi, shi ake nuna musu."

Abin ya yi wa Gwaggo ciwo ƙwarai. Mutumin da aljihunsa ba ya rabo da alewa, bai taɓa ɗaga wa yaro hannu ba, yau shi ne abin tsoratarwa. Kuma ta san in ta bi shi babu mai gyara zancen, jikoki za su haifi nasu su gadar musu da dodo. Ta zaunar da Firdausi ta yi ta ba ta labarin kakanta, yadda yake kwaikwayon tafiyar agwagwa, yadda ya taɓa tafiya masallaci da takalminta a ƙafa. Yarinya ta saurara tsaf, ta ɗaga kai ta dubi bango.

"Wannan ɗin? Ai wannan bai iya dariya ba."

To, gani ya kori ji. Gwaggo ta sauke hoton, ta naɗe a zane, ta hau adaidaita sahu zuwa Ƙofar Dawanau, inda Nazeer, ɗan ƙanwarta, yake da shagon ɗaukar hoto.

"An ce kana share wa amare ƙuraje, kana rage wa angwaye tumbi. To ga Malam, ka sa min shi dariya."

"Ƙaramin aiki ne wannan, Gwaggo. Yanzu ai kwamfuta har motsi take sa mamaci ya yi."

"A'uzu billahi! Bar shi ya kwanta inda yake. Dariya kawai na ce."

Kafin ta gama shan zoɓon da aka kawo mata, Nazeer ya juyo da kwamfutar. Ga hular Malam, ga rigarsa, ga ma kunnuwansa. Amma a tsakiya wani kyakkyawan mutum ne yake murmushi, haƙora farare tas a jere kamar mai tallar man goge baki.

"Ɗan wane gida ne wannan?" in ji Gwaggo.

"Shi ne mana. Na ɗan gyara masa kumatu."

Ta buɗe baki za ta yi maganar giɓin, sai ta fasa. Abin da miji ya datse leɓe ya ɓoye wa mai hoto, ba matarsa ce za ta tona wa wani mai hoton ba. Ta ce a wanke, a sa a gilashi.

A gida kuwa magani ya ci. Yara suka daina raɓewa in za su wuce falo. Firdausi ta ce daga yau ta ƙwace mijin, Gwaggo ta nemi wani. Nana Hadiza kaɗai ke ƙorafi, don koko ya koma kwantai.

Ita Gwaggo ce abin ya juye wa. Ta kama kanta tana gyara mayafi duk lokacin da za ta shiga falo, sai ka ce baƙo ne a ciki. Wannan da sauƙi. In ta idar da salla ta ɗaga hannu za ta yi wa Malam addu'a, ta nemo fuskarsa a zuci, sai fararen haƙoran nan su riga shi zuwa. Tsohon hoton ko ba komai ta san abin da ke bayan leɓen. Tsoro ya kama ta, ta je gyara wa jikoki kakansu, ita kuma mijinta yana suɓuce mata.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Kawu Audu, ƙanin Malam, ya zo daga Dukawuya gaisuwa. Nazeer ma yana nan, ya zo karɓar yabo. Kawu ya zauna, ya ɗaga kai, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Matarmu, aure kika yi ba a kai mana goro ba?"

"Kai dai ba ka girma. Yayanka ne."

Kawu ya miƙe ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. "Yaya? To haƙoran fa? A can aka dasa masa?"

Sai dariya ta zo masa. Da farko ba sauti, kafaɗu ne kawai ke rawa. Ya tuɓe hula ya shiga bugun gwiwa da ita, ido a rufe, hawaye na gangarowa, sannan wani siririn fito ya kuɓuce masa ta hanci kamar buta ta tafasa. Yara suka cika ƙofar falo.

Gwaggo ta zuba masa ido. Shekara da shekaru tana ganin Audu, ba ta taɓa ganin dariya ta kayar da shi haka ba, ashe a jikinsa Malam ya bar ta.

"Ku dube shi," ta ce da yaran. "Ku dube shi da kyau. Haka kakanku yake."

Nazeer ya zaro waya da sauri ya saita. Kawu na hango wayar ya kafa hula, ya haɗe gira, ya datse leɓe, dariyar na cin sa a ciki har idanu suka firfito.

Firdausi ta yi tsalle tana nuna shi. "Laa! Ya koma Baba Malam na da! Gwaggo, ashe shi ma dariya yake riƙewa?"

"Ita yake riƙewa, 'yar nan."

Gwaggo ta sa hannu ta sauke wayar Nazeer ƙasa. Ta juya wajen ƙanin mijinta.

"Audu, sake yi."

"In sake me?"

"Dariyar. Ban ƙoshi ba."

Ya dube ta zai mayar da tsokana, sai ya ga da gaske take. Ya cire hular a hankali ya ɗora a gwiwa, ya yi iya ƙoƙarinsa, amma dariyar ta ƙi zuwa.