Zaren Maris a Ƙafar Baba Gancho

Rositsa na cikin cusa kayanta a jaka sai Sista Nedyalka ta turo ƙofar ɗakin da gwiwa, riƙe da kwanon ruwan ɗumi.

"Matsa, 'yar nan, kin tare mini hanya."

Kwana goma sha ɗaya ke nan mahaifin Rositsa, Baba Gancho, yana kwance a wani asibiti a birnin Plovdiv bai san inda kansa yake ba. Daga kan tsani ya faɗo yana gyaran kurangar inabinsa. Likita ya ce ba ya ji, ba ya gani, ko allura aka soka masa bai sani ba. Ita kuwa hutunta ya ƙare. In ba ta hau motar ƙarfe biyu ta koma Jamus ba, masana'antar da take aiki za ta ba wani gurbinta, ga yara biyu ta baro a can. In kuma ta tafi, a hannun wa za ta bar shi? Tsoro ya hana ta ko karyawa.

Ita dai Nedyalka fara'a ba ta cikin kayan aikinta, kowa ya shaida. Amma aiki kam, sai dai a sara mata. Ta jiƙa tsumma, ta sunkuya kansa.

"Baba Gancho, zan taɓa kumatunka, ruwan da ɗumi. Dubi gemu kamar na bunsuru. Haka za ka tarbi Maris?"

"Sista, ai ba ya jin ki," in ji Rositsa.

"Shi ya faɗa miki?"

"Likita ne ya ce..."

"Likita minti uku yake yi a ɗakin nan, ni shekara talatin. In bai ji ba, yawu kawai na ɓata. In kuwa yana ji fa?"

Ta aske shi tas, tana ba shi labarin tsadar tumatir. Sannan ta zaro wani zare ja da fari daga aljihu. Sai a lokacin Rositsa ta tuna yau ɗaya ga Maris, ranar da mutanen ƙasar ke ɗaura wa juna irinsa a wuyan hannu don lafiya, ba a kwancewa sai an ga shamuwar farko. Kunya ta kama ta, don ita ya kamata ta kawo masa.

Hannuwansa duk allurai ne da robobi, doka ta hana ɗaura komai a wurin. Nedyalka ta ɗage bargo ta ɗaura masa a idon sawu.

"Doka ba ta ambaci ƙafa ba," ta ce.

Rositsa ta fashe da kuka. "To ta yaya zai ga shamuwar?"

Matar ba ta rarrashe ta ba. Ta saki birkin gadon, ta tura shi jikin taga, ta nuna wata tsohuwar sheƙa a kan turken wutar lantarki.

"Can suke sauka duk shekara. Ni zan duba masa. Ranar da suka zo in gaya masa, in kwance, in rataye a bishiya mai fure. Rubuta mini lambarki, ke ma ki sha labari."

"In bai kai ba fa, Sista?"

"In bai kai ba, ina riƙe da hannunsa. Iyakar abin da zan iya miki alƙawari ke nan."

Rositsa ta rubuta lambar, ta rataya jakarta. Tun da ta zo take zaune gefensa shiru, don tana ganin maganar banza ce. Ta matsa kusa da kunnensa, a hankali ta ce, "Baba, zan tafi."

Nedyalka na matse tsumma, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Ɗaga murya mana. Mutumin nan shekararsa saba'in da takwas."