Katin da Ya Ƙi Cika Kwana Bakwai

Ni na kafa dokar, har da buga ƙirji. A manhajar da muke rabon aiki, kowane shafi na littafin zanen da muke fassarawa yana da katinsa, allon kuma gida uku ne: Jira, Ana Yi, An Gama. Na saita ta yadda duk katin da ya kwana bakwai ba a taɓa shi ba, za ta ƙwace shi ta miƙa wa wani. Aikin sa kai ne, amma na ce ba sani ba sabo.

To, sai abin ya faɗa kan Gwaggo, ƙanwar babana.

Mu huɗu ne. Dogo yana fassara, Mai Kemis yana goge rubutun asali daga da'irorin magana in shagonsa ba ciniki, ni ina zuba sabon rubutu. Gwaggo, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa, ita ce mai duban ƙarshe. Shekara uku ko waƙafi bai taɓa tsere mata ba. In za ta bar sharhi a kati, sai ta gaishe ka, ta tambayi iyali, sannan ta wanke ka tas.

Amma katin shafin ƙarshe ya zauna a Ana Yi a hannunta, kwana shida shiru. Na san in manhaja ta ɗauke shi ta ba Dogo, Gwaggo ta bar mu ke nan, kuma tun da ta yi ritaya wannan aikin ne yake tashin ta da safe. Sai na lallaɓa na ja katin zuwa Jira, na mayar da shi. Ƙirgen kwanaki ya koma farko.

Mako na biyu na je zan maimaita, na tarar an riga ni. Na buɗe tarihin katin: Mai Kemis ranar Talata, Dogo ranar Alhamis. Nan take na kira Dogo.

"Wa ya ba ka izinin taɓa katin mutane?"

"Ranka ya daɗe shugaba, hannuna ne ya zame. Irin zamewar da naka ya yi ranar Asabar."

Na kashe wayata.

Haka muka yi mako biyar. Wallahi duk ƙungiyar babu wanda ya kai katin nan zirga-zirga. Masu karatu kuwa kullum sai sun tambayi ƙarshen labari.

Wata safiya Gwaggo ta aiko in zo. Na same ta a falo, kwamfuta a kan teburin cin abinci, tabarau biyu a gefe. Ta ƙara girman shafin har hancin jarumin ya cike allo.

"Zauna. Wane mara aikin yi ne yake ja mini kati?"

"Gwaggo, wataƙila manhajar ce take..."

"Manhajar tana rubuta sunan kowa, ɗan nan. Na sa maƙwabciyata ta karanta mini. Kai sau uku."

Na sunkuyar da kai.

"Tun watan jiya nake jiran kwana bakwai ɗin nan su cika," in ji ta. "Idona ya tafi. Ƙananan rubutun nan ba na ganin su. Na ce bari na'ura ta sallame ni shiru, ba sai na buɗe baki na gaya wa yara ba. Kun hana ta. Ga shi kun sa na faɗa."

Kunya ta kama ni, ga tausayi. Mu muna can muna ganin rufa mata asiri muke yi.

Na jawo kujera kusa da ita. "Bari in karanta miki, ke ki saurara."

"Ni ba na duba aiki da kunne."

Na dai fara. Ina karanta da'ira ta farko ta juya fuskarta wajen taga. Ta biyu ma haka. Ina tsakiyar ta uku ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Mutum yana bankwana da ɗan'uwansa, haka zai yi magana kamar mai sayen batir? Goge wannan. Kuma ka rage gudu, ba labaran rediyo kake karantawa ba."