Haɗin Sabo

Wata uku ke nan ina lodi a wani sito a Idu. Kafin nan na yi kwandasta a tashar Jabi, na yi wankin mota, na yi sati biyu a shagon tela. Ba na daɗewa a wuri.

Sabo ne babbanmu a siton. Ya haura arba'in, amma buhu biyu yake ɗauka a sahu ɗaya. Yana da doka: ba a cin abinci sai an gama motar farko, wai cikakken ciki yana sa nauyin ƙafa. Motar farko kuwa wani lokaci sai azahar. Abin da ake karyawa da shi shi ne haɗi, wato ƙwayoyin ciwon jiki guda biyar a ƙullin leda, daga wani kemis na bakin titi. A kora da baƙin shayi, a bi da sigari. Ni ƙulli ɗaya nake sha. Sabo biyu.

Ya daɗe yana dafe saman cibiya. In cikin ya murɗa sai ya ƙara haɗi, tunda maganin ciwo ne, ciki kuma ciwo yake yi.

Doka ta biyu, kada Oga Zacharias, manajan siton, ya ji. Ya taɓa cewa duk wanda ya kama da ƙwaya ya bar masa wuri. Sabo na da 'ya'ya huɗu a Jiwa, ba shi da wata sana'ar.

Ranar wata Talata da hantsi, Sabo ya sauke buhu a hankali ya zauna a kai. Ban taɓa ganinsa zaune lokacin aiki ba. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Fu'ad, kamar an caka min wuƙa," ya ce.

Na taɓa cikinsa, tauri kamar katako. Oga da kansa ya ɗauke mu a motarsa. A hanya Sabo ya jawo kunnena.

"In an tambaya, ruwa kawai nake sha."

A asibiti aka kwantar da shi, numfashi ma da ƙyar. Likitar, wata mata mai suna Hafsah, ta juyo kaina. Oga na tsaye a gefena da makullin mota a hannu.

"Yana shan sigari?"

"Kaɗan."

"Kaɗan nawa?"

"Kwali ɗaya."

"Giya fa?"

"A'a."

"Yana cin abinci a kan lokaci?"

"Yana ci. Bayan azahar."

"Maganin ciwon jiki?"

Na dubi Sabo. Idonsa a rufe, amma yana kaɗa min yatsa. Na dubi Oga. Shi kuma ni yake kallo.

"Ka ga, ƙanena, ba gulma nake nema ba," in ji likita. "Da alama gyambon ciki ne ya huje. Tiyata za mu shiga da shi yanzu, kuma sai na san abin da ke jikinsa kafin a sa shi barci."

Na sa hannu a aljihun wandon Sabo na zaro ƙullin haɗi, na miƙa mata. Ta zazzage a tafin hannu ta jera su da biro.

"Waɗannan ukun aikinsu ɗaya, duk suna cin bangon ciki. Wannan yana ƙara musu ƙarfin ɓarna, ya kuma ɓoye ciwon. Wannan ban ma san shi ba. Sau nawa a rana?"

"Biyu da safe. Sai in ciki ya yi ciwo."

"In ciki ya yi ciwo," ta maimaita, ta rubuta. "Kai ma kana sha?"

"Ɗaya."

"Sannu."

Aka tura gadon. Muka zauna a benci ni da Oga. Ina ta lissafin yadda zan gaya wa matar Sabo cewa ni na jawo aka kore shi. Can Oga ya yi gyaran murya.

"Jar ƙwayar nan ta cikin haɗin, ni ma ina shan ta don ciwon baya," ya ce. "Shi ne kuke ɓoye mini?"

An yi aikin lafiya. Likita ta ce ba ɗaukar kaya har wata uku, ba sigari, ba haɗi har abada. Oga ya ce in ya warke ya zauna a bakin get yana buɗe wa motoci.

Kwana huɗu bayan nan na je dubiya, na gaya wa Sabo abin da Oga ya ce.

"Get?" ya ce. "Ni?"

"Da kujera ma, Yaya Sabo."

"Wa ya tona maganar haɗin?"

"Ni."

Ya gyara kwanciya.

"An ce kunu kawai zan sha," ya ce. "Je ka tambayo ko an yarda da sukari."