Ruwan Safe da Ruwan La'asar

Sunana Lurwanu. A Madina aka haife ni, a Harra ta Yamma, kuma ban yi nisa a makaranta ba. Shekarar da na cika goma sha bakwai, ɗaliban jami'a 'yan Najeriya suka buɗe wa yaran Hausawa sansanin hutun rani a wata tsohuwar gonar dabino a Ƙuba. Markaz muke ce masa. Maza daga safe zuwa la'asar, mata daga la'asar zuwa magariba. Motar da ke sauke su ita ke kwashe mu, don haka a bakin ƙofa kaɗai ake ganin juna, shi ma na ɗan lokaci.

Ranar farko mai kula da gonar, Baba Maiwada, mutumin Zinder, ya raba mana fasila, wato ɗan dabinon da ake yankowa daga gindin uwarsa a dasa. Ya ce ba lokacin dashe ba ne, zafin nan zai kashe rabi, amma tunda malamai sun nace, to.

"Kwana arba'in sai an ba shi ruwa safe da yamma," in ji shi. "Kada a girgiza shi. In sabon ganye ya leƙo ta tsakiyar kansa, ya kama ke nan."

Kowace fasila mutum biyu gare ta, namiji na ruwan safe, mace ta ruwan la'asar. Tawa mai lamba tara ce. Na naɗe ta da buhu, na zagaye gindin da ƙasa yadda ruwa zai kwanta. Baba Maiwada ya tsaya a kaina ya daɗe.

"Wa ya koya maka?"

"Babu kowa."

"Hm. Hannunka na ƙasa ne, ɗana."

Ba a taɓa ce mini ina da hannun komai ba.

Kwana uku ina tarar da tiyo a naɗe tsaf, ba kamar na sauran da ake yarwa cikin taɓo ba. A na huɗu na tsinci ganyen dabino a soke jikin buhun, an yi rubutu da biro da Larabci: "Mai safe, kana cika ruwa." Na daɗe kafin na haɗa haruffan. Na rubuta a bayansa: "Ƙasar ce ke sha." Washegari na ga: "Ƙasa ba ta da laifi."

Haka muka fara. A bakin ƙofa na gane ta, don ita kaɗai ce bakin abayarta ke da jar ƙasa irin ta layinmu. Najwa sunanta, gidansu a unguwar Ƙurban. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa. Na iya saƙa zobe da ganyen dabino, sai na riƙa bar mata ɗaya kullum. Ita kuma ta bar mini ɗanyen dabino uku a kan dutse, tururuwa su riga ni zuwa biyu.

A kwana na goma sha biyu babana ya zaunar da mu bayan cin abinci. Ya ce kafilinsa, wato ubangidan da ke tsaya masa a wurin hukuma, ya rufe kamfani, ba za a sabunta mana iƙama, takardar zama a ƙasar, ba, an buga mana bizar fita ta ƙarshe. Maraɗi za mu, garin iyayena, nan da kwana goma sha takwas. Innata ta yi kuka, ƙannena suka taya ta. Ni na jira in ji wani abu, ban ji ba. Maraɗi a waya kawai na santa. Na tashi na wanke kwanona.

Na ci gaba da zuwa markaz. Ina ba da ruwa, ina saƙa zobe. Kullum sai in ɗauki ganye da niyyar rubuta mata, in ƙare da rubuta cewa yau akwai zafi. Ita kuwa ƙidayar kwanaki take yi. "Saura ashirin." "Saura sha shida, za mu ga ganyenmu." Ina karantawa kamar allon sunan titi.

Baba Maiwada ya sani, don na tambaye shi ko dabino na yi a Maraɗi.

"Ka gaya wa abokiyar aikinka?"

"Tukuna."

"In ka ɓace ba ta sani ba, fasilar za ta kwana biyu ba ruwan safe kafin a lura. Wannan na farko. Na biyun kai ka san shi."

A kwana na ashirin da tara, da motar ta zo, ban hau ba. Baba Maiwada ya ce wa malamar mata akwai maganar aiki, ya kira Najwa, ya zauna a kan bokiti nesa kaɗan yana gyaran igiya. Ban taɓa tsayawa kusa da ita haka ba. Zobena guda biyu a yatsunta, sun bushe sun yi fari.

"Gobe za mu tafi," na ce. "Fita ta ƙarshe."

Ta dubi fasilar. Ba ta dube ni ba.

"Tun yaushe ka sani?" Da Larabci.

"Kwana goma sha bakwai."

"Ina ta ƙirga maka kwanaki kamar mahaukaciya."

"Na gani."

"Ka gani." Ta gyara bakin buhun da bai lalace ba. "Me ya sa ba ka rubuta ba, ya Lurwanu?"

"Ganyen ƙarami ne."

Ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Ana jin ruwa yana bin layin wasu. Na ɗauka zan ce mata ina sonta, kalmar tana nan, amma ta yi nauyi kamar ba tawa ba.

"Saura sha ɗaya," ta ce, wannan karon da Hausa, a hankali. "Ni ba a bari na fito da safe."

"Baba Maiwada zai karɓi safen. Na nuna masa yadda nake yi."

"Ji shi," in ji tsohon daga inda yake. "Shekara talatin ina gonar nan, yau an nuna mini."

Na miƙa mata tiyon. Ta karɓa ta ɗaya bakin.

A Maraɗi na samu aiki a wani lambu kusa da gulbi. Ranar da kwanaki suka cika arba'in da uku Baba Maiwada ya turo mini hoto. Ganye siriri, kore shar, ya leƙo ta tsakiyar buhun, an rataya masa zobe ɗaya. Na duba na ɗan jima. Sannan na sa wayar a aljihu, don ruwa ya kai ƙarshen layin albasa kuma sai an juya shi.