Bututun da Mati Bai Haɗa Ba

Ranar Talata ce, ina tankaɗen garin dawa, Yaya Ummaru, wan mijina Mati, ya yi sallama ya kasa zama. Ya ce motar audugar da Mati ya hau daga Funtua ta kife kafin Malumfashi. Ya miƙo mini jakar Mati. Ba komai a ciki sai sifana da gwiwoyin bututu shida, sababbi, naɗe a jarida. A 1984 ne.

Mati mai aikin famfo ne. A shekarar, wani asibitin haihuwa na mishan kusa da mu a Dayi ya ba shi aikin haɗa abin ɗuma ruwa da zafin rana, don masu jego su sami ruwan wanka ba sai an ƙona itace ba. Akwati ne mai murfin gilashi a kan rufi, da baƙaƙen bututu a ciki, tanki kuma yana sama da shi. Kafin ya taɓa nasu, sai da ya gwada ƙarami a gidanmu da tsohuwar ganga. Ni ke riƙe masa bututu, ni ke naɗa zare a bakinsa in shafa fenti don kada ya yi yoyo. Kullum maganarsa ɗaya ce: ruwan zafi da kansa yake hawa, kada a sa shi ya sunkuya.

Bututu ɗaya ya rage masa, wanda zai kai ruwan zafi daga akwatin zuwa tanki.

Ina wata biyu cikin takaba Mama Rahab, ungozomar asibitin, ta zo. Ta ce an kawo wani Aƙilu daga Funtua ya ƙarasa aikin, amma ruwa na fitowa da sanyinsa. Aƙilu ya gaya wa kwamitin asibitin cewa Mati bai san abin da yake yi ba tun farko. Jibi za a sauke akwatin, a yi taga da gilashin.

Da safe na ɗauki mayafi da jakar. Yaya Ummaru ya tare ni a zaure.

"Hansai, takaba fa kike yi. Me za a ce?"

"An riga an ce, Yaya. An ce ƙanenka bai iya aiki ba, kana zaune kana ji."

Na raɓa shi na wuce.

Da na isa asibitin, tun daga ƙasa na ga inda aka ɓata. Aƙilu ya sauko da bututun, ya bi da shi ta ƙarƙashin rufi, sannan ya sake haurawa da shi.

"Malam Aƙilu, me ya sa ka sauko da shi?"

"Don kyau, baiwar Allah. Shekara goma sha biyar ina haɗa famfo a gidajen manya. Ba a barin bututu a fili kamar igiyar shanya."

"Can inji ke tura ruwa. Nan wa zai tura shi?"

Ya dubi mutane yana dariya. "To, yau mata ne za su koya mana famfo."

"Ba mata ba. Ni kaɗai. Riƙe mini tsani."

Bai riƙe ba, Mama Rahab ce ta riƙe. Na ɗaure zanena na hau. Kwanon rufi na ƙona ƙafa. Na sa sifana, gwiwar bututun da Aƙilu ya haɗa ta ƙi motsi. Na sake ja, sai na ga wani hannu a kan nawa. Yaya Ummaru ne. Ya biyo ni don ya mayar da ni gida.

"Ta ina ake juyawa?" ya ce, bai dube ni ba.

Da ta kwance, iskar da ta toshe hanyar ruwan ta fito fuuu. Bututun da Mati ya yanka yana nan a sito, da alamar allinsa. Muka hau da shi, na naɗa zare, na shafa fenti, muka ɗaura da gwiwa biyu cikin shidan nan. Ya tashi daga akwatin yana hawa har tanki, bai sunkuya ko'ina ba.

Muka zauna a inuwa. Da la'asar Mama Rahab ta buɗe famfo, ta sa hannu, ta janye da sauri. Ta cika daro ta kai wa wata da ta haihu jiya.

Aƙilu ya ce rana ce ta yi zafi yau.

Na ce, "Jiya wata ne ya fito?"

Ba a sauke akwatin ba. Na koma ɗaki na ƙarasa takabata. Akwai matan da suka daɗe ba su amsa gaisuwata ba, ban kuma bi su ba.

Ƙaramin na gida yana nan, gangar ce kawai na canza sau biyu. Kullum bayan azahar nakan sa tafin hannu a gindin bututun, in bi shi zuwa sama har inda ɗumin ya kai, yadda Mati yake yi.