Dankali a Cikin Kula

Juwairiyya na sossoka dankalin da cokali mai yatsu, amma idonta na kan keken ɗinki. Rigar amarya na can rabi a ƙarƙashin allura, dangin amaryar kuma sun ce bayan la'asar za su zo karɓa. Ga shi tun da safe mahaifinta, Malam Sambo, ya kira ta daga Dandamisa ya ce ta zo ta gasa masa dankali. Gobe wanta Uwaisu zai tafi da shi Kaduna ya zauna a wurinsa, tunda idon tsohon ya yi rauni, a rufe gidan da aka haife su a ciki. Yau ce ranarsa ta ƙarshe a gidan, shi kuwa duk abin duniya dankali kawai ya nema.

Ta san irin gashin da yake nufi. A haɗa wuta da totuwar masara, a bari ta cinye ta zama rushi, a binne dankalin a ciki, sannan a nemi wuri a zauna. Ba a tonawa, ba a leƙawa, sai ƙamshi ya kira mutum. Haka suke yi tun tana yarinya, ita da shi a bayan rumbu, mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, tana faɗan sun cika mata kaya da ƙaurin hayaƙi. Irin wannan gashin sai ya cinye mata yini, ita kuwa yau ba ta da yinin bayarwa.

Maƙwabciyarta Naja'atu ce ta kawo dabara lokacin da ta shigo aron almakashi. Naja'atu babu abin da ba ta gani a waya ba, ko ciwon kai ka ce mata sai ta nuna maka bidiyo. Ta ce a sossoka shi don zafi ya ratsa, a ɗan tafasa shi, a raba manyan biyu, a zuba yashi a ƙasan tsohuwar tukunya a jera su a kai, a rufe a ɗora a gas. Ta rantse ko shi dankalin ba zai gane ba a rushi aka gasa shi ba.

Dabarar kuwa ta yi. Kafin Juwairiyya ta gama kafa hannun rigar, ƙamshi ya cika ɗakin girki. Ɓawon ya ƙone daidai, cikin ya yi laushi. Ta ji daɗi har ranta. Ta jera shi a kula, ta yafa mayafi, ta tare ɗan acaɓa a bakin kasuwar Makarfi, suka yi da shi zai kai ta ya jira ta su dawo tare.

Ta yi sallama a tsakar gida ba a amsa ba. A bayan rumbu ta same shi, zaune a kan turmin da aka kifa. A gabansa rushi ne ja wur, ya riga ya kwanta, ba sauran harshen wuta. Ga kwando da ɗanyen dankali, an wanke shi tas. Kusa da shi ya ajiye ƙaramar kujerar mahaifiyarta, har ya goge mata ƙura. Mutumin da ba ya gane fuska sai an yi magana, shi ya tattaro totuwa ya haɗa wutar nan shi kaɗai.

Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya tambayi maigidanta da yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi keke da kasuwa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Zauna, Uwata. Wutar ta yi daidai, ke kawai take jira."

Ta so ta ɓoye kular a bayanta, amma ƙamshi ya riga ta. Ta buɗe, ta ce ai ta gaso tun daga gida don kada ya wahala. Sannan ya miƙa hannu ya lalubi guda, ya ɓare, ya ci a hankali har ya cinye.

"Ya gasu har ciki," in ji shi. "Allah ya yi miki albarka. Na dai ɗauka tare za mu jira shi."

A waje ɗan acaɓa ya danna oda. Juwairiyya ta ji kamar ta nutse don kunya. Ta tuna rigar, ta tuna dangin amarya tsaye a ƙofarta, ta kalli kujerar. Tana cikin wannan lissafin aka sake danna oda, tsohon kuma ya ji shirun da ta yi, ya fahimta. Ya ce ta je, kada ta ɓata wa mutane rai saboda shi, in Allah ya yarda za ta zo Kaduna.

"Baba, bari in sallame shi," ta ce. Amma ta makara da faɗa. Ya riga ya lalubo buta, ya tsiyaya ruwa a kan rushin. Wutar ta yi cuu, toka ta tashi ta koma.

"Ba a barin wuta a gidan da za a rufe," in ji shi. Ya tura mata kwandon, ya ce ta kai wa yara, tunda yanzu ta iya gashi mai sauri.

Ta koma Makarfi da wuri, kamar yadda ta tsara. A bayan mashin, da kwando a cinya, ta ja gefen mayafinta ta kai hanci tana neman ƙaurin hayaƙin nan da mahaifiyarta ke faɗa a kai. Turaren da ta fesa da safe kawai ta ji.