Rabin Awo

Ambo Dalle ya jawo igiyar a hankali, rariyar gwajin cin abinci ta fito daga ruwan tafkinsa tana ɗiga. Babu ko ƙwayar abinci a cikinta. Jatan landen sun cinye, ke nan da sauran lafiya. Amma hankalinsa bai kwanta ba. Can gabas balbelu sun yi dandazo a kan tafkunan maƙwabta tun da gari ya waye, kuma duk mai kiwon jatan lande a Pinrang ya san abin da ke tara balbela. Ciwon farin ɗigo ya iso, wanda kwana uku ya ishe shi ya share tafki.

Wata guda da ya wuce wata malamar jami'a, Malama Sukma, ta kawo musu gwajin rigakafi. Ba wanda zai bi jatan lande dubu ɗari da allura, sai aka shafa maganin a jikin abincinsu. Aka jefa ƙuri'a, tafki shida za a ba, shida a bari don a ga bambanci. Nasa ya sami jar tuta, alamar magani. Na ƙanwarsa Sennang, wanda gaɓar laka kaɗai ta raba da nasa, ya sami fara.

"Kwana bakwai a jere, awo cikakke," in ji Malama a taron. "Rabin awo da babu duk ɗaya ne."

Ya ji, har ya gyaɗa kai. Sai dai a gidansu ko ƙwai ɗaya aka dafa sai an raba shi da zare. Mijin Sennang ya rasu bara, tafkin nan shi ne cinta da shanta. Don haka kwana bakwai cur yana zuba rabin abincin mai magani a bokitinta da ke rataye a bukka, ya cike nasa da na kullum, ya watsa, ya hau babur ya tafi shan kofi kamar mutumin kirki. Bai gaya wa kowa ba. Yanzu tsoro ya cika shi: kar dai garin neman gira ya rasa ido, ya kashe tafki biyu da hannunsa.

Malama Sukma ta iso da hantsi, da takalman roba da kwalabenta. Ta kamo guda goma daga tafkinsa, tana ɗaga kowanne sama tana duba ɓawonsa.

"Tas suke, Baba. Ka cika awo dai, ko?"

Ya goge hannu a zaninsa, ya sake gogewa.

"Malama, ni dai... rabi na ba su. Rabin na zuba wa ƙanwata."

Ta sauke kwalbar a hankali. "Haba, Baba! Kwana nawa?"

"Duka."

"To ka ɓata gwajin, amma ba shi ne damuwata ba. In ciwon nan ya shigo, daga naka har nata babu mai kariya."

"Wa ya ce?"

Sennang ce, ta biyo gaɓar da farantin soyayyar ayaba a hannu. Ta ajiye shi a bakin bukka, ta dubi yayanta sama da ƙasa.

"Yaya, kai a tunaninka ba ni da hanci? Abincin nan warin man kifi yake kamar me, ga shi baƙi. Ranar farko na gane. Da kai ɓarawo ne da tuni an kama ka."

"To ai kin ba su, ko?"

"Na ba naka. Kana hawa babur nake juye shi a tafkinka. Ni ma ina wurin taron, kuma ni kunnena ba na ado ba ne. Na ce gara guda ya tsira a gidanmu."

Ambo Dalle ya wuce su ya haye gaɓar, ya durƙusa a bakin tafkinta, ya kama igiyar rariyarta. Rariyar ta fito da nauyi, abincin safe yana nan dam, ba a taɓa ba. Wani jatan lande kwance a gefe, ya yi ja, ko tsalle bai yi ba. Ya ɗago shi. Ɗigo-ɗigon fari a ɓawon kansa, kamar an barbaɗa gishiri.

"Tun jiya suka daina ci," in ji Sennang daga bayansa. "Na kira mai saye, zai zo bayan azahar. Ƙanana ne, amma za su sayu."

"Bari in ɗauko raga."

"Ba da taka ba. Kuma ba za ka shiga ruwan nan ba." Ta miƙo masa buta da sabulu. "Wanke hannunka da ƙafarka, Yaya, kafin ka koma naka."